Saiwar Zaƙi da Ƙafafun Malam Isufu

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ko da mutane sun yi jinkirin gane shi. Na rubuta wannan takarda bayan maigidana Malam Isufu ya tashi daga ciwon da ya kwantar da shi sati tara, domin duk wanda ke da mai ciwon sukari ko mai tansiyo, wato hawan jini, a gidansa ya karanta ya kiyaye. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikatar gwamnati a nan Yamai, kuma aikin ya koya mini kada in rubuta abin da ban gani ba. Saboda haka zan faɗi laifin kowa yadda yake, har da nawa, wanda shi ne ya fi daɗewa yana hana ni sakewa.

Malam Bagobiri ne, mutumin wajen Maradi, ni kuma 'yar Damagaram ce, aiki ne ya haɗa mu a unguwar Maurey inda har yanzu muke zaune. Yana saurayi gwamnati ta tura shi ƙasar Sin shekara biyu ya koyo noman shinkafa na rani. Abin da ya dawo da shi ban da takardar shaida shi ne ɗabi'ar shan ruwan zafi da safe, da wani kundi mai kauri mai koren bango. Kundin na tsirran magani ne na mutanen Sin, kowane tsiro da zanensa, da sunansa a rubutunsu, da bayaninsa da Faransanci. Malam bai taɓa ba kowa magani daga cikinsa ba. Karanta shi yake yi kamar yadda wasu maza ke karanta jarida, ya ɗago kai ya sanar da ni cewa mutanen can sun kasa tsirrai kashi-kashi, masu zafi da masu sanyi, masu ɗaci da masu zaƙi, kuma ba su ba da ɗaya shi kaɗai, sai sun haɗa su kamar majalisa, da shugaba da mataimaka da ɗan aike. Nakan ce na ji, in ci gaba da tsintar shinkafata.

Da ya ajiye aiki sai ya kama garka a Gudel, bakin kogi, yana shuka albasa da salati da zogale. Bayan la'asar masu garkunan wajen sukan taru a fada ƙarƙashin wani mangwaro, kuma Malam ne mai dafa musu shayi, domin ya ce hannun Zabarmawa bai iya kumfa ba. Babban abokinsa a wajen shi ne Hamani, Bazabarme maƙwabcin garkarsa, wanda shekara goma sha biyu ke nan suna zagin juna kullum da yamma, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa.

Sama da shekara ɗaya da rabi kafin wannan ciwo aka gane Malam yana da sukari, aka hana shi zaƙi. Wata ɗaya ya yi yana shan shayi tsura, kuma a watan nan ba wanda ya ji daɗi a gidanmu, har kyanwa. Rannan ya fito daga ɗaki da kundinsa a buɗe, fuska a sake, ya nuna mini zanen wata saiwa. Ya ce mutanen Sin suna yi mata kirari da dattijon magunguna, domin ita ke sasanta sauran in an haɗa su, kuma zaƙinta ya wuce na sukari nesa ba kusa ba, alhali ba sukari a cikinta. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Sin sarin kaya ya kawo masa leda guda cike da saiwar, yankakkiya a karkace, cikinta rawaya. Daga ranar Malam yana watsa cikin tafin hannu guda a buta, safe da rana da yamma, kowane zama finjali uku. Awon sukarinsa bai motsa ba. Na yi alfahari da shi. Na sha gaya wa mata a gidan biki cewa nawa mijin ya bar sukari ba tare da na yi faɗa da shi ba.

Satin farko, abin ya fara da ciwon ƙeya da kumburin ƙafa. Takalmin da yake zuwa garka da shi ya ƙi shiga. Muka je disfansar unguwa, aka auna tansiyonsa aka ce ya hau sosai, aka rubuta masa ƙwayar da ke sa yawan fitsari domin kumburin ya sauka. A ranar na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na ja layuka: lokaci, tansiyo, sukari, magani, abinci. Malam ya dube ni ya ce, ashe bai san an buɗe masa dosiye kamar a ɗakin ajiyar takarduna ba.

Sati na biyu kumburin ya ɗan ragu, amma ƙafafun suka yi nauyi. Ranar Laraba ya yi sujada a sallar azahar ya kasa tasowa, sai da ya dafa bango. Ya roƙe ni kada in gaya wa 'ya'yanmu, waɗanda ɗaya tana Agadas ɗaya yana Kwatano, ya ce gajiya ce. Na rubuta a kaye, kuma na gaya musu.

A sati na uku ya faɗi tsakanin kunyoyin albasa. Hamani ne ya ɗauko shi a taksi har ƙofar gida, yana haki, rigarsa duk laka. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce mini, “Hajiya, bawana ya lalace. Ƙafa babu. Baki kawai akwai.” Malam daga cikin mota ya ce a tambaye shi ko ya kashe injin ban ruwa kafin su taho. Bai kashe ba.

Washegari muka tafi babban asibiti. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikinsa na ga mutanen kirki da ba su cancanci a haɗa su da abin da zan faɗa ba. Mun isa bayan asuba, muka tarar da layi ya zagaye baranda. Wanda ke raba lamba ya zo ƙarfe tara, kuma na ga da idona ya ba mutum uku da suka zo bayanmu lambobin gaba, saboda sun gaishe shi da sunansa. Na yi masa magana a gaban kowa, cikin ladabi amma ba da sassauci ba. Malam yana kan kujerar guragu yana jan gefen mayafina yana cewa in bari, ba a biro, wurin aikina, nake ba. Aka ɗauki hoton kansa, aka ce ba shanyewar jiki ba ce, jijiyoyin ƙwaƙwalwa lafiya lau. Aka ƙara masa ƙwayar tansiyo ta biyu aka sallame mu. Mun dawo da murna, amma a kujera muka tafi, a kujera muka dawo.

Sati na huɗu shi ne satin dangi. Yayarsa Mariyama, wadda ke zaune a Harobanda, ta haye gada da kwando a kai. Shekara talatin da shida da aurena, har yanzu amarya take ce mini, kuma har yanzu tana duba tukunyata in ta shigo. Ta kawo rubutu a kwalba, da turaren hayaƙi, da sassaƙe kala uku. Ta ce mutum ba ya yini bakin kogi shekara da shekaru bai taka abin mutanen ruwa ba. Wani ɗan'uwa ya ce a kai shi wajen mai gyaran jijiya a Doso. Wata maƙwabciya ta ce man jimina. Na karɓi rubutun, domin sunan Allah ne, na mayar da sauran cikin kwando. Na ce wa Yaya, ba abin da zai shiga cikin Malam sai wanda lokotoron asibiti ya rubuta da hannunsa. Ta ce ai ta sani, mu 'yan lakwal, masu karatun boko, ko mutuwa sai ta nuna mana takarda kafin mu yarda da ita.

A satin nan ne Malam ya ce in miƙo masa kundinsa, wai zai duba ko akwai abin da ke ƙarfafa ƙafa. Raina ya ɓaci. Na ce yanzu na gama korar sassaƙen Harobanda, ba zan buɗe wa na Sin ƙofa ba. Na ɗora kundin can saman kabad inda ba zai kai ba, ban ko buɗe shi ba. Ya yi shiru kwana guda. Da na ga shirun ya yi yawa, sai na ce ya koya mini dafa shayinsa, tunda hannunsa ya fara rawa. Ya sa aka kawo furno, murhunsa na gawayi, bakin ƙofar ɗaki, yana kwance yana ba da umurni: in rage wuta, in ɗaga hannu sama wajen juyawa, in ƙara saiwar. Ya ce a shekara sittin da biyu na zama 'yar koyo, kuma ba ni da alamar baiwa. Shi ne lokaci ɗaya a yini da yake dariya, saboda haka ban taɓa tsallake shi ba. Sau uku a rana nake dafawa.

A kayena akwai kowace ƙwaya da lokacin shanta. Akwai kowane cokalin kunu, akwai ranar da ya ci dambun zogale ya ce gishiri ya yi kaɗan. Shayi kuwa ba shi a ciki. Ban ɓoye shi ba. A kaina shayi ba magani ba ne, ba abinci ba ne, kamar ruwa yake ko gaisuwa. Saiwar kuma na daɗe da daina ganinta a matsayin tsiro daga wani kundi. Gwangwaninta yana nan kusa da na ganyen shayi, a gurbin da sukari yake zama a da.

Sati na biyar hannuwa suka bi ƙafafu. Ya kasa riƙe cokali. Ranar Talata da hantsi ya ce zuciyarsa tana tsalle kamar kifi a ƙasa, ya yi zufa, leɓɓansa suka bushe. Aka kwantar da shi a babban asibiti. Aka ɗebi jini, kuma ni aka ba kwalbar in kai ɗakin awo da ƙafata, can ƙarshen fili, cikin rana, in koma bayan awa huɗu in karɓo sakamako. Wannan tsari ne da har yau ban gane hikimarsa ba. Sakamakon ya nuna wani gishiri na cikin jini, wanda suke kira potasiyom, ya yi ƙasa ƙwarai. Kalmar ta zauna mini a kai domin sati biyu kullum sai na ji ta. Majo na ɗakin, wato shugaban ma'aikatan jinya, wani dattijo mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri, shi ya yi mini bayani da Hausa: gishirin nan shi ne ke sa nama ya motsa, zuciya ma nama ce, in ya ƙare tsayawa take yi.

Aka tsayar da ƙwayar fitsarin, aka sa masa ruwa a jijiya. Kwana biyu ban koma gida ba. A kwana na biyu ya ɗaga hannu ya gyara hularsa da kansa, ya motsa yatsun ƙafa. Na yi hamdala. Da na ga sauƙi ya samu, na je gida na yi wanka, na hura furno, na cika tarmos da shayi yadda yake so, na kawo masa a matsayin tukuici. Bayan kwana uku gishirin ya sake faɗuwa. Aka ƙara ruwa, ya ɗan hau, ya sake faɗuwa, tansiyo kuma ya ƙi sauka. Lokotoro uku daban-daban suka tambaye ni ko yana shan maganin gargajiya. Duk ukun na ba su amsa ɗaya, kuma da ɗan zafi, domin na ji kamar an zage ni. Na buɗe musu kaye shafi-shafi. Ɗayansu har ya yaba, ya ce da kowane mai jinya haka yake da aikinsu ya yi sauƙi. Suka fara maganar wani ƙari a saman ƙoda, da hoton da sai an jira. Malam ya rame, ya daina tambayar albasarsa. Wata safiya ya ce mini in ya kasance ba zai tashi ba, a bar wa Hamani garkar, amma kada a gaya masa shi ya ce.

A sati na shida aka kawo wata lokotoro sabuwa ɗakin, Dokta Ramatu, 'yar Tawa, wadda ba ta girmi 'yarmu ba. Ba na jin kunyar faɗa cewa da na gan ta na raina shekarunta. Ta zo da la'asar, bayan an gama zagaye, ta zauna ta karanta kayena daga farko, abin da ba wanda ya yi kafin ita. Cikin hira Malam ya tambaye ta inda ta yi karatu, ta ce shekara bakwai ta yi a Sin. Sai na ga mutumin da ya kwana uku bai yi doguwar magana ba ya yunƙura yana gaishe ta da Sinanci mai tsatsa. Ta yi dariya ta amsa, ta ce Baba, irin wannan gaisuwar tun zamanin kakanni aka bar ta. Ya juyo ya ce mini ba a barin baƙuwa irin wannan da baki busasshe, in zuba mata finjali. Ta ce tana kan aiki. Ya ce Bagobiri ba a ƙin shayinsa. Na zuba na miƙa mata.

Ta kurɓa sau ɗaya. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, ta dubi finjalin.

“Mama, me kike sawa a ciki?”

Na ce ba sukari ko ƙwaya ɗaya, ta kwantar da hankalinta. Saiwa ce kawai ta zaƙi.

“Tun yaushe yake sha?”

Malam ya amsa da alfahari, ya ce shekara ɗaya da rabi, kuma ya faɗi sunan saiwar da Sinanci domin ta san ba da jahili take magana ba. Ta tambayi yawanta. Na nuna mata tafin hannuna. Ta tambayi sau nawa a yini. Na ce uku.

Ta ajiye finjalin a kan tebur a hankali, ta ɗauki tarmos ɗin ta riƙe a cinyarta kamar mai tsoron kada wani ya ƙwace. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saiwar nan in an daɗe ana sha da yawa, tana sa jiki ya riƙe ruwa, tansiyo ya hau, ƙoda kuma ta yi ta zubar da gishirin da suke ta ɗura masa. Ƙwayar fitsarin da aka ba shi a farko ta ƙara buɗe ƙofar. Ta ce ba za ta rantse ba sai ta ga awo, amma daga yau ko ɗigo kada ya sha, kuma gobe in zo mata da kundin.

Na fita baranda na zauna a kan benci. Sati biyu suna zuba masa ruwa ta hannun dama, ni ina zuwa da tarmos ina kwashewa ta hagu, ina kuma faɗa da masu sassaƙe. Na buɗe kaye na nemi kwana biyun da ya samu sauƙi. A gefen kowannensu, da rubutuna, na sa: ban samu zuwa gida ba.

Washegari na hau kujera na sauko da kundin, ƙura ta rufe bangonsa. Dokta Ramatu ta buɗe shi a gaban Malam, ba ta sha wahalar nema ba, domin shafin da kansa ya buɗe saboda yawan dannawa. Ga zanen saiwar, ga layukan da Malam ya ja da fensir a ƙarƙashin zaƙinta da kirarinta. Ta juya shafi. A saman na bayansa, da ƙananan baƙaƙe, akwai sakin layi guda wanda fensir bai taɓa ba. Ta miƙo mini ta ce in karanta, tunda ni ce mai takardu. An rubuta cewa kada a ba mai kumburi, kada a ba mai hawan jini, kuma kada a daɗe ana sha ko a yawaita. Har alamun an jera, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya rubuta ya kwafa daga kayena.

Ta ce a can, mai maganin da ya san aikinsa yanka biyu ko uku yake sawa cikin tsirrai goma, bayan ya taɓa jijiyar hannunka ya dubi harshenka, na 'yan kwanaki, sannan ka koma ya canza haɗin. Ba wanda ke tafasa cikin hannu a butar shayi sau uku a rana, ya ƙafe ruwan har ya yi kauri, yadda muke yi wa ganye a nan. Maganar da ta faɗa bayan haka ita ce ta zauna mini: “Littafin bai yi muku ƙarya ba, Mama. Rabi aka karanta masa.”

Da ta fita na tambayi Malam ko ya san da wannan shafin. Ya ce ya karanta shi shekara talatin da suka wuce, lokacin da ba ya bukatar komai daga gare shi. Ranar da ya koma yana neman zaƙi kuwa, idonsa ya tsaya inda bakinsa ke so. Na shirya masa faɗa mai tsawo tun a taksi, da farko da tsakiya da ƙarshe. Amma ni ce na ɗora kundin a saman kabad ban buɗe ba, alhali aikina na shekara talatin da ɗaya shi ne juya shafi in ga abin da ke baya. Na gyara masa filo, na ce ya sha kununsa.

A ranar na buga wa Hamani waya, domin Malam ya bar musu gwangwani guda na saiwar a fada, kuma biyu daga cikinsu masu tansiyo ne. Ya ce sun daɗe ba su sa ta ba, tun da bawansa ya kwanta suka koma sukarinsu, domin dama don kada su ɓata masa rai suke sha. Duk da haka na sa ya kai mutanen biyu awo. Ɗaya aka canza masa magani.

Sati na bakwai gishirin ya hau ya tsaya. Ba a ƙara maganar ƙari ba. Tansiyo ya fara sauka a hankali, har aka rage ƙarfin ƙwayar da ta saura. Ya riƙe cokali ranar Litinin, ya zauna da kansa ranar Alhamis. A sati na takwas aka sallame mu, da sharaɗin awo kowane sati da motsa jiki. Kullum da safe yakan dafa kafaɗata mu taka daga ƙofar ɗaki zuwa randa, mu huta, mu dawo. Yana da nauyi, kuma yana gyara mini tafiya kamar ni ce mara lafiyar.

Yaya Mariyama ta zo barka. Ta ce ta san rubutun nan ba ya faɗuwa ƙasa banza, ni kuma ban musa mata ba, domin ban san ta wace hanya Allah ya turo mana yarinyar nan ɗakin ba. Amma da ta ce a ba ta kundin ta ƙona, na hana. Na ce kundin ya yi gargaɗinsa tun kafin a haifi 'ya'yana, mu ne ba mu saurara ba. Ta ce amarya, ke dai ba ki da dama, jiya kina gaba da littafi yau kina tsaya masa.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In lokotoro ya tambaye ka abin da majinyacinka ke sha, kada ka tsaya a kan abin da kai ka ɗauka magani ne. Faɗi shayin, faɗi abin da ke cikin shayin, faɗi abin da yake tauna in yana hira. Ku ma lokotoro, ina roƙonku da girmamawa, ku daina tambayar ko yana shan maganin gargajiya da muryar mai tuhuma, domin mutum yakan kare kansa ne kafin ya yi tunani. Da ɗayanku ya ce in lissafa duk abin da ke shiga bakinsa daga asuba zuwa magariba, da ban ɓata muku sati biyu ba. Wanda kuma ke da irin wannan kundi a gida, na Sin ne ko na wata ƙasa, ya sani cewa ilimi ne na mutane masu hankali da suka daɗe suna lura, kuma sun rubuta haninsu kusa da yabonsu. Kasuwanninmu cike suke da ledoji masu rubutun da ba mu iya karantawa, ana sayar da su ba tare da shafi na biyu ba.

A ƙarshen sati na tara Malam ya ce zai je Gudel. Na ce lokaci bai yi ba. Ya ce shekara ɗaya da rabi yana shayar da mutane abin da bai gama karantawa ba, yana yi musu lacca a kai, kuma wannan ba maganar da ake aikawa ta waya ba ce, a tsaye ake faɗarta. Taksi ya ajiye mu inda kwalta ta ƙare. Daga nan zuwa mangwaron akwai tafiya cikin rairayi da mai lafiya zai yi a minti biyar. Na miƙa masa hannu, ya ƙi. Na bi bayansa taku biyu, hannuwana a buɗe, ina kallon diddigensa. Sau uku ya tsaya ya huta. Ƙamshin kogi da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarbe mu tun kafin mu ga mutanen.

Su shida ne a kan tabarma. Suka yunƙura za su taso, ya ɗaga musu hannu. Ya tsaya a gabansu ba sanda, ƙafafunsa suna ɗan rawa a cikin wando, ya ce ya zo neman gafara. Ya ce ya ba su abu da sunan ilimi alhali kwaɗayi ne, kuma da Allah bai sa ciwon ya fara ta kansa ba, da ɗayansu ne zai kwanta. Suka ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba.

Hamani bai ce “ba komai” ba. Ya dube shi daga sama har ƙasa, idonsa ya cika da ruwa, ya ce, “Bagobiri ya je Sin shekara biyu, littafi ɗaya, shafi ɗaya. Zauna kafin ka faɗi, ni ba ni ɗaukarka sau biyu.”

Malam bai zauna ba. Ya hango kunyoyin albasarsa da Hamani ya yi sati shida yana shayarwa, ya ce wane mara tsoron Allah ne ya cika musu ruwa haka, so ake su ruɓe? Ya juya ya nufi wajen, Hamani ya bi shi suna musu. Na ɗaga ƙafa zan bi bayansa kamar yadda na saba, sai na ga ya tsallake ƙaramar magudanar ruwa bai ko duba ƙasa ba. Wani daga cikin dattawan ya matsa mini gefen tabarma. Na zauna, na bar shi ya tafi.